Sai An Je Gindin Bishiya Ake Hawa: Jagorar Koyar da Dasa Ɗigo a Filin x da y

Duk malamin lissafin da ya taɓa duba littattafan 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare ya san wannan matsalar. An ce yaro ya dasa (2, 5), sai ya je ya dasa (5, 2), har ya ja layi a ƙarƙashi da rula, alamar ya gama kuma hankalinsa a kwance. Ka gyara masa da jan biro, gobe ya sake. Bayan shekara huɗu ka same shi a zauren jarrabawar WAEC ko NECO, ya cika jadawalin x da y daidai, amma zanen ya fito a karkace, maki ya salwanta. Abin yana ci mini rai, domin yaron nan ba kai ya rasa ba. Mu ne muka koya masa darasin a kan allo cikin minti 40, alhali darasi ne na tafiya, wanda ya kamata ƙafa ta fara sani kafin hannu.

Hanyar da zan bayyana tana cin darasi huɗu zuwa biyar. Na san manhaja tana kora mu, amma wanda ya ba wannan batu mako guda yanzu zai huta da maimaita shi a duk lokacin da zanen giraf ya dawo, kuma zai yi ta dawowa har aji shida. Kayan da ake bukata ba su da tsada: igiya biyu masu tsawo, toka ko garin alli, sanda guda mai tsawon taku ɗaya, guntayen kwali, rula, fensir mai tsini, da takardar giraf.

Fara duba layin lamba

Kada ka shiga batun kai tsaye. Ja layin lamba a allo, sa sifili a tsakiya, ka kira yara uku ko huɗu su nuna maka −1, −4 da 3. Sannan ka tambayi ajin: tsakanin −1 da −4 wanne ya fi girma? In rabin aji suka ce −4, to a nan aikinka na yau yake, sauran ya jira gobe. Filin x da y layin lamba ne guda biyu da aka gicciya, wanda bai iya tafiya a kan ɗaya ba ba zai iya a kan biyu ba.

Akwai abu guda da muke yawan tsallakewa: yara da yawa ba su taɓa ganin layin lamba a tsaye ba. Kullum a kwance ake zana musu shi. Zana bishiya a gefen rijiya, ka ja layi a tsaye tsakaninsu. Doron ƙasa shi ne sifili. Wanda ya hau bishiya yana kan 1, 2, 3. Gugan da aka zura cikin rijiya yana kan −1, −2, −3. Bar wannan zanen a kusurwar allo, za ka koma masa sau da yawa.

Me ya sa lamba ɗaya ba ta isa

Ajin kansa shi ne kayan aikinka na farko. Tsaya a gaba ka ce, “Mai lamba uku ya tashi.” Za a yi ta kallon juna. Wani zai ce, “Malam, uku daga ina?” Wannan tambayar kake nema, ka yaba wa wanda ya yi ta. Sai ku yi yarjejeniya: za a fara faɗin layi, ana ƙirgawa daga hagun ɗalibai, sannan a faɗi benci, ana ƙirgawa daga gaba. Kira (2, 4), masu layi na biyu benci na huɗu su tashi. Kada su zauna. Kira (4, 2). Wasu mutane dabam za su tashi, a wani wuri dabam. Ka bar su a tsaye na ɗan lokaci, kowa ya waiga ya gani da idonsa cewa lambobin iri ɗaya ne amma jerinsu ya raba wuraren. Daga nan ka rubuta yadda ake rubutawa: baka, lamba, waƙafi, lamba, baka. Malaman da ke koyarwa da Faransanci a Nijar suna rubuta (2, 4) da waƙafi mai ruwa, saboda a tsarinsu waƙafi shi ne alamar desimal. Ma'anar dai ɗaya ce.

Amma kada ka daɗe a kan benci. Benci gida ne da ake zama a cikinsa, kamar gurbin dara, kuma ƙirgarsa daga 1 take farawa. A filin x da y kuwa ɗigo yana zama ne a mahaɗar layuka, ƙirga kuma daga sifili take tashi. Yaron da ya riƙe misalin benci da ƙarfi shi ne za ka ga yana dasa ɗigonsa a tsakiyar gida. Minti goma sun isa, a fita waje.

Darasin fili

Wannan shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya, kuma ya fi kyau ka shirya filin tun da safe tare da monita da wasu yara biyu. Nemi wuri mai shimfiɗa a harabar makaranta. Miƙa igiya ɗaya daga yamma zuwa gabas, ɗayar daga kudu zuwa arewa, su gicciya a tsakiya, ka bi su da toka. Yaranmu sun san gabas ba sai an nuna musu ba, wannan kuwa babbar riba ce. Layin yamma zuwa gabas shi ne layin x, na kudu zuwa arewa shi ne layin y. A mahaɗarsu ka ajiye dutse ko ka kafa turke. Ni cibiya nake kiran wurin, littafi kuma yana kiransa orijin, lambarsa (0, 0).

Da sandar nan za ka auna tazara, ba da ƙafa ba, domin takun dogo da na gajere ba ɗaya ba ne. Daga cibiya ka auna sanda biyar ta kowace fuska, kana ajiye kwali mai lamba, ka danne shi da tsakuwa: 1 zuwa 5 ta gabas da arewa, −1 zuwa −5 ta yamma da kudu. In kana da isasshiyar toka ka ja sauran layukan su zama gida-gida. In babu, sandar za ta wadatar.

Ga wani ƙaramin abu da kan rusa darasin in ba a kula ba. Tara dukan ɗalibai a gefen kudu, su fuskanci arewa, kai ma ka tsaya tare da su. In suka kewaye filin, daman wani hagun wani ne, kuma in ka tsaya kana fuskantarsu, duk sanda ka ce dama hannunka zai nuna hagunsu. Idan kowa ya fuskanci arewa, gabas tana dama, kuma abin da ke ƙasa ya yi daidai da abin da za su gani a takarda.

Igiyoyin sun raba filin kashi huɗu, kowanne kwata ce. Fara da kwatar arewa maso gabas kaɗai, inda lambobi duka ba su da mainos. Kira yarinya ɗaya ta tsaya a kan cibiya. Ka ce (3, 2). Ta bi layin x, ajin na ƙirga mata da ƙarfi: ɗaya, biyu, uku. Ta tsaya. Sannan ta nufi arewa: ɗaya, biyu. Ta tsaya nan, ka ba ta kwali mai ɗauke da (3, 2) ta riƙe. Ka saurari ƙirgar da kyau. Za ka ji wasu sun ce “ɗaya” tun ba ta ɗaga ƙafa ba. Dakatar da su nan take ka tambaya, “Taku nawa ta yi?” Babu ko ɗaya. To sifili ke nan. Taku ake ƙirgawa, ba wurin tsayuwa ba. Wannan kuskuren shi ne ke sa duk ɗigon yaro ya gaza da gida ɗaya a takarda, kuma a fili ne ya fi saurin mutuwa.

A nan nake ba su maganar da za su riƙe: sai an je gindin bishiya ake hawa. Ba wanda ke hawa mangwaro daga inda yake tsaye, sai ya taka a ƙasa ya isa gindinsa. Lambar farko tafiya ce a ƙasa, ta biyu hawa ce. Kira yaro na biyu ya yi (2, 3), yarinyar tana nan a wurinta. Ga su nan su biyu, kowa da wurinsa. Ba sai ka ƙara dogon bayani ba.

Bayan yara shida ko bakwai sun taka, buɗe sauran kwatocin. (−3, 2): taku uku yamma, biyu arewa. (4, −1): huɗu gabas, ɗaya kudu. A nan rijiya take shigowa: sai an je bakin rijiya ake zura guga. Ko hawa ko sauka, tafiyar ƙasa ce farko. Kada ka ba su jadawalin alamomin kwata huɗu su haddace. Tsayar da yaro ɗaya a kowace kwata, (2, 3), (−2, 3), (−2, −3), (2, −3), ka tambayi ajin me suka lura da shi. Su za su faɗa maka cewa duk na yamma lambarsu ta farko mainos ce, duk na kudu ta biyu mainos ce. Abin da suka gano da kansu ya fi zama. Daga baya ka faɗa musu cewa ana ƙirga kwatocin daga ta sama a dama, a juya ta hagu, wato saɓanin tafiyar hannun agogo.

Ajiye (3, 0) da (0, 3) zuwa ƙarshen darasin, domin su ne masu kayar da har yaran da suka fi ƙoƙari. Na taɓa ganin wani yaro mai kaifin kai ya taka uku a layin x, ya tsaya yana kallona, ƙafa ɗaya a sama, yana jiran in ce ya ci gaba. Na ce, “Hawa nawa aka ce ka yi?” Ya dubi kwalinsa, ya sauke ƙafar, ya ce, “Malam, ashe na iso.” (0, 3) ya fi wuya, domin ba a tafiya ko kaɗan, bishiyar a kan cibiya take, hawa kawai za a yi. Ka sa a yi irin waɗannan sau da yawa: (0, −2), (−4, 0), (0, 5), har da (0, 0).

In ajin ya kai mutum saba'in ko fiye, ba kowa zai taka ba a rana ɗaya. Raba su rukuni huɗu, wani rukuni ya rubuta lamba a kwali, wani ya tura mai takawa, sauran su yanke hukunci ko ya isa daidai. Ka tabbata 'yan mata da masu zaman bayan aji sun samu shiga, ba masu ɗaga hannu kaɗai ba.

Daga fili zuwa takarda

Kashegari a dawo aji. Ka zana a allo suna bin ka layi bayan layi, kada ka zo da zanen a kammale. Da fensir za a yi, ba biro ba. A ja layin x a kan ɗaya daga cikin layuka masu kauri na takardar giraf, a ja layin y a kan wani mai kauri, a sa kan kibiya a ƙarshensu, a rubuta x a dama, y a sama, 0 a mahaɗa. Sannan lambobi. Zagaya ka duba kafin kowa ya dasa ko ɗigo ɗaya, domin a nan ɓarna take farawa. Lamba a daidai kan layi ake rubuta ta, ba a cikin gida ba. Tazara tsakanin 0 da 1 dole ta yi daidai da ta tsakanin 1 da 2. Ka duba ɓangaren mainos musamman: akwai masu farawa daga gefen takarda su rubuta −1, −2, −3 suna nufo cibiya, sai −5 ta zo maƙwabtaka da sifili.

Wajen dasawa, yatsa ya maye gurbin ƙafa. A ɗora bakin fensir a cibiya, a ja shi a layin x ba tare da an zana ba, a tsaya, a hau ko a sauka, sannan a yi alama. Ƙaramin gicciye ya fi ƙaton ɗigo, domin mahaɗarsa tana nuna wurin daidai, kuma ba ya ɓacewa in aka ja layi ta kansa. A rubuta sunan ɗigon a gefensa, kamar A(2, 5).

Inda takardar giraf ta yi wuya, littafin lissafi mai gida-gida irin na firamare zai yi aiki a wannan matakin. Kai kuma malam, in ka samu dama, ka ja gida-gida na dindindin da fenti a gefe ɗaya na allo ko a kan faffaɗan kwali. Zai rage maka ɓata minti goma a kowane darasi. Mai waya zai iya nuna musu GeoGebra, manhajar waya ta zanen lissafi, kyauta ce, amma bayan hannunsu ya saba, ba kafin nan ba.

Aikin farko da nake bayarwa shi ne wanda ke duba kansa da kansa. A dasa (2, 0), (8, 0), (8, 5), (5, 8), (2, 5), a haɗa su bi da bi, a koma na farko. Wanda ya yi daidai zai ga ɗaki mai jinka. Wanda ya juya lambobin zai ga ɗakinsa ya kwanta a gefe, jinkar na kallon dama. Ba ka bukatar jan biro, maƙwabcinsa ma zai gaya masa. Na biyu ya ratsa layukan duka: (0, 4), (3, 0), (0, −4), (−3, 0). Na uku kuwa yana sa tunani: ga kusurwa uku na wata siffa mai kusurwa huɗu, doguwa kamar ƙofa a kwance, (−3, 2), (4, 2), (4, −1), a nemo ta huɗu. Amsar ita ce (−3, −1), amma abin da ya fi amsar muhimmanci shi ne ka tambayi yaron yadda ya gano ta.

Kada ka manta da juya aikin. Dasa ɗigo biyar a allo, su rubuta lambobinsu. Karantawa da dasawa ba gwaninta ɗaya ba ce, akwai yaron da ya iya ɗaya bai iya ɗayar ba. Su yi bibbiyu: ɗaya ya ɓoye zanensa yana kiran lambobi, ɗayan yana dasawa, a ƙarshe su gwada takardunsu.

Yara kan tambayi wa ya ƙirƙiro wannan abu, kuma ya kamata a ba su amsa. Sunan da littafi ke kiran filin da shi, Katishiyan, daga sunan Rene Dekart ya fito, masanin lissafi da falsafa ɗan Faransa da ya rayu daga 1596 zuwa 1650. A 1637 ya wallafa aikin da ya nuna yadda za a warware matsalolin siffofi ta hanyar aljabara, kuma ɗan ƙasarsu Pierre de Fermat ya kai ga irin wannan tunani a zamani guda. Misalin da ya fi burge su shi ne taswirar duniya. Layin ikwaita kamar layin x yake, layin Girinich da ya ratsa Landan ya biyo ta Tema a Gana kamar layin y, cibiyarsu kuma tana cikin teku, kudu da Gana. Kano tana wajen digiri 12 arewa, digiri 8 da rabi gabas. Sai dai ka faɗakar da su: a darasin labarin ƙasa arewa ko kudu ake fara faɗa, sannan gabas ko yamma, wato an juya jerin. Gara su ji wannan daga bakinka da su rikice su kaɗai.

Sikeli, inda maki ke zubewa

Duk abin da ya gabata gida ɗaya lamba ɗaya ne. Jarrabawa kuwa ba ta tsayawa nan. Za ta ce a yi amfani da santimita 2 a madadin 1 a layin x, santimita 2 a madadin 5 a layin y. Takardar giraf da muka saba da ita tana da manyan gidaje masu santimita 2, kowanne an raba shi ƙananan gidaje 10. Saboda haka tambaya ɗaya ce yaro zai yi wa kansa kafin ya taɓa fensir: ƙaramin gida ɗaya nawa ne? A raba abin da babban gida ya ɗauka da 10. In babba 1 ne, ƙarami 0.1. In babba 5 ne, ƙarami 0.5. In babba 10 ne, ƙarami 1. Ka sa su rubuta wannan a saman takarda, na x dabam, na y dabam.

Yi musu misali a hankali. Ana son dasa (1.3, 7) da sikelin can na sama. A layin x, a je 1, a ƙara ƙananan gidaje 3. A layin y, a hau zuwa 5, saura 2, kuma tunda kowane ƙaramin gida rabi ne, gidaje 4 za a ƙara. Mafi yawan yara 2 za su ƙara, su sauka a kan 6. Ka bar su su yi kuskuren sau ɗaya, sannan ku ƙirga tare da baki: biyar da rabi, shida, shida da rabi, bakwai.

Domin su ga amfanin sikeli, kawo misalin saye da sayarwa. A ce biro ɗaya naira 100 ne: (1, 100), (2, 200), (3, 300). Tambaye su takarda mai tsawon nawa za a nema in gida ɗaya naira ɗaya ce. Su da kansu za su ce a sa kowane babban gida ya zama 100.

Abin da kuskure ke faɗa maka

In kana duba littattafai, kada ka tsaya a kan daidai ko ba daidai ba. Dubi inda ɗigon ya faɗa. In an ce (2, 5) ya faɗa a (5, 2), jeri ne matsalar, a koma ga bishiya. In duk ɗigon yaro sun gaza da gida ɗaya, yana ƙirga cibiya a matsayin ɗaya, a sa shi ya taka. In (−3, 2) ya koma (3, 2) ko (3, −2), bai ga mainos ba ko ya ɗora ta a kan lambar da ba tata ba, layin lamba yake bukata. In na kan layin x ko layin y kaɗai yake faɗuwa, sifili ce ba ta zauna masa ba. In kuwa komai daidai ne sai an canza sikeli, to ya iya dasawa, rabawa da 10 za a gyara. Kowanne maganinsa dabam, kuma sake ba su aiki ashirin iri ɗaya ba ya warkar da ko ɗaya.

Darasin ƙarshe shi ne gadar da za ta kai su zanen giraf na gaske. Rubuta y = 2x + 1, ku cika jadawali tare daga x = −2 zuwa 2. Za a samu (−2, −3), (−1, −1), (0, 1), (1, 3), (2, 5). Kada ka faɗa musu abin da zai fito. Su dasa duka biyar, sannan ka ce kowa ya ɗora rula a kan na farko da na ƙarshe. Wanda ya ga ɗigo ɗaya ya fita daga bakin rula, ya koma jadawalinsa ya sake lissafin wannan x ɗin, in lissafin daidai ne ya mayar da fensir cibiya ya sake takawa.